Shokozoba: sabo ko na Beljiyam?

Kanta mai shan gas da ke jigilar siminti daga Ashaka zuwa cikin Gombe, ƙafafunta ne ke fara gajiya. In ta faɗa rami ta yi ta rawa ba ta tsaya ba, tayar gaba tana cinyewa gefe guda, to shokozoba ta mutu.

Na Beljiyam ya fi araha, kuma galibi na asali ne, daga jikin wata motar aka kwance shi. Sai dai babu mai gaya maka shekarunsa. Bakanikena yakan danna shi da hannu, ya ja, ya shafa jikinsa. In ya ga danshin mai ko ya ji ya tafi sakayau, sai ya ce, "Alhaji, mayar masa da kayansa."

Sabo kuwa, jabu ya yi yawa. Kwali mai ƙyalli na taɓa saya, ko damina ɗaya bai fitar ba.

Ni dai sifirin nakan ɗauki na Beljiyam in babu tsaga ko tsatsa mai zurfi. Robobin bushin kam sabo, don tsohuwar roba ta riga ta bushe. Shokozoba kuma bibbiyu ake canzawa, hagu da dama.