Mai bawul ko mai tiransisto: wanne za ka fara gyarawa?

Malam, ka ce ka tarar da rediyo biyu a ɗakin marigayi mahaifinku a Tudun Wada, Allah Ya jiƙansa, babba mai akwatin katako da ƙarami mai rigar fata, kana son sanin wanda ya cancanci a kashe wa kuɗi. Ni dai da ƙaramin zan fara.

Babban nan mai bawul ne, waɗannan kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila. In ka kunna shi ba ya magana nan take, sai bawul ɗin sun yi ɗumi sun yi ja, sannan murya ta taso a hankali. Wasu ma da ɗan koren ido a gaba, yana tsukewa idan ka kamo tasha daidai. Wajen daɗin murya kam ba a haɗa su, katako da babbar lasifika sun gama magana. Matsalarsa wuta. Volt 6.3 ne ke ɗumama bawul, amma a ciki akwai layin da ke ɗauke da volt 250 ko fiye, kuma manyan kondensa, wato 'yan ma'ajiyar wuta da ke cikinsa, na riƙe wuta ko bayan an zare soket. Ta taɓa ja na ina yaro a shagon maigidana, sukudireba ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin benci, na wuni hannuna na zugi. Don Allah kada ka jona shi don ka "gwada". Tsofaffin kondensa na takarda sun riga sun lalace, suna iya ƙona maka taransifoma, ita kuwa samunta aiki ne.

Ƙaramin kuwa labarinsa daban, mai tiransisto ne, 'yan ƙananan na'urorin da suka maye gurbin bawul. A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto a Bell Labs ta Amurka, a 1954 rediyon Regency TR-1 ya shiga kasuwa da tiransisto huɗu kacal, Sony ta biyo da TR-63 a 1957, shekarar da BBC ta fara Hausa. Da Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, irin wannan ne ya kai muryarsa ƙauye da ruga, tunda batir kawai yake ci. Mai bawul na zaune a falon ma'aikaci mai lantarki, shi kuwa yana rataye a kafaɗar makiyayi an murɗa shi zuwa mita 49.

Sai dai shi ma da halinsa. Tiransiston farko duk da sinadarin jamaniyam aka yi su, ba silikon irin na zamani ba, jamaniyam kuwa ba ya shiri da zafi. Bar shi a rana cikin watan Maris ka ji yadda murya za ta shaƙe. In tiransisto ɗaya ya mutu, kada mai gyara ya ce zai liƙa na zamani kawai a wuce wurin: jamaniyam na fara wuce da wuta a wajen volt 0.2 zuwa 0.3, silikon sai 0.6 zuwa 0.7, dole a sauya resisto tare. In kuma ka ga an rubuta AF117 a jikin ɗan gwangwanin tiransiston, to sanannen ciwo gare shi. Wasu siraran gashin kuza ne ke tsirowa a ciki su haɗe wayoyi. Sau da yawa ɗan ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba na sa rediyon ya farka, a nan za ka gane shi ne mai laifin.

Abin da za ka yi yau: buɗe gidan batir, ka kankare farin garin da tsohon batir ya zubar, ka duba alamar + da − sosai kafin ka sa sabo, don juya batir na iya kashe tiransiston. Babban kuma ka kakkaɓe masa ƙura, ka rufe shi da zane har ka sami dattijon mai gyara da ya taɓa aikin bawul. Turo mini hoton bayan kowanne, inda lambobin suke.