Top Cat ko The Animals of Farthing Wood: wanne za a fara sa wa yaro ɗan shekara shida?

Hajiya, kin tambaya a zaure cewa kin samo tsofaffin katun biyu na dabbobi masu magana, kina son sanin wanda ya fi dacewa da ɗanki mai shekara shida. Na kalli duka biyun tare da yarana, ga abin da na gani.

Top Cat na Amurka ne. William Hanna da Joseph Barbera suka yi shi, mutanen da suka ƙirƙiro Tom and Jerry, aka fara nuna shi a tashar ABC a 1961, kashi 30 kacal. Labarin wani muzuru ne ruwan ɗorawa mai hula, da yaransa biyar, suna zaune a wani lungu na birnin New York. Cikin kwandon shara yake kwana. Kullum yana ƙulla dabarar da za ta kawo masa kuɗi ko abinci ba tare da ya yi gumi ba, ɗan sanda Dibble kuma yana fama da shi, musamman kan wayar 'yan sanda da ke jikin turke, wadda muzurun ya mayar tamkar tasa. Idan kin tuna Gizo na tatsuniya, to kin san halinsa: zaƙin baki, wayo, daga ƙarshe dabarar ta watse. Ba mai mutuwa, ba abin firgita. Sai dai dariyar tana cikin maganar ne, Turancin kuma da sauri yake fita, don tun asali da dare aka riƙa nuna shi saboda manya ma su kalla. Ɗan autana guje-gujen kawai yake bi.

Na biyun daban ne ƙwarai, kuma a kansa nake son ki natsu. Daga littafin Colin Dann na 1979 aka ɗauko shi, gidajen talabijin na Turai suka haɗa hannu, BBC ta nuna shi daga 1993 zuwa 1995, kashi 39. Mutane sun zo da motocin rusau suna share dajin dabbobi don gina gidaje, sun cike tafkinsu, ga fari. Sai wani kwaɗo ya ce ya san wani gandun daji, White Deer Park, inda ba a taɓa dabba. Kafin su kama hanya suka yi rantsuwa: mai cin nama ba zai taɓa ƙaramin abokin tafiyarsa ba. Yanyawa ke jagora, ga mujiya, ga macijiya, ga ɓeraye da zomaye a ayari ɗaya, kowa na danne halinsa saboda alkawari. Wannan riƙon amana shi ya sa nake ƙaunar shirin.

Amma a nan ana mutuwa, kuma ba a dawowa. Akwai inda ayarin zai tsallake babban titi. Bushiya biyu, mata da miji, suka kai tsakiya, tsoro ya kama su, suka dunƙule yadda bushiya take yi idan ta ji haɗari, babbar mota ta bi ta kansu. 'Yata tana da shekara bakwai lokacin. Ta juyo ta ce, "Baba, za su tashi ko?" Na kashe talabijin muka daɗe muna magana. Akwai kuma wani tsuntsu da ya tsire jariran ɓeraye a jikin ƙaya, wannan ko babba sai ya kau da kai.

Wani bambancin: Top Cat kowane kashi da nasa labarin, duk wanda kika kama ya yi. Farthing Wood labari ne mai ci gaba, sai an bi shi a jere, Turancinsa kuma ya fi sauƙin kamawa.

Shawarata, Hajiya, ki sa masa Top Cat yanzu, kina ɗan nuna masa cewa ƙaryar muzurun ba ta kai shi ko'ina. Farthing Wood ki ajiye sai ya kai takwas ko tara, ranar kuma ki zauna kusa da shi, kada ki bar masa waya ki shiga kicin. Idan za ki fara, ki riga shi kallon kashin titin nan ke kaɗai.