Shirin da ya hana Inna gyangyaɗi a gaban talabijin

Ni ba ma'abocin fim mai dogon zango ba ne. Na sha farawa ina watsarwa, domin kafin a kai kashi na biyar labari ya koma na wane yana son wance, uwarsa ta ce sam. Wannan na ma'aikatan masaƙa kuwa ƙanwata ce ta matsa mini lamba, na ce bari in leƙa kashi ɗaya ta shafa mini lafiya. Ga shi yanzu mun gama zangon farko, kuma duk daren da za a nuna shi da wuri nake rufe shagona a Dilimi, a nan Jos, in ja rigar sanyi in nufi gidan Inna a Gangare.

Labarin wata unguwa ce da kowa a cikinta da masaƙa yake ci. Jiniya ce agogonsu. Mai shayi, mai kanti, mai wanki da guga, duk ƙarshen wata suke jira. Rana ɗaya aka manna sanarwa a bakin ƙofar kamfani, aka ce an rage ma'aikata, kowa ya je ya karɓi takardarsa, kuɗin sallama kuma sai an neme su. Ba a faɗi sunan garin ba, amma duk wanda ya san Kakuri zai gane inda aka dosa. A can aka kafa babbar masaƙar Kaduna a 1957, ta tsaya a 2002, sauran suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya kama ni shi ne kashi na huɗu. Maigidan ya karɓi takardarsa, ya linke ta gida huɗu, ya cusa a cikin hula. Bai gaya wa kowa ba. Washegari ya yi asubanci kamar kullum, ya sa kakinsa, matarsa ta miƙa masa kular abinci, ya fita. Sai ga shi a bayan tashar jirgin ƙasa, zaune a kan wani tsohon ƙarfe, yana duba agogo har lokacin tashi ya yi. Kusan minti uku babu wanda ya yi magana. Daga baya ne muka fahimci ashe matar ta sani tun ranar farko, ta ga takardar sa'ad da za ta wanke hular, ta mayar da ita yadda take, ta ci gaba da zuba masa abinci.

Inna, wadda ko labaran ƙarfe tara ba ta kaiwa ƙarshe sai barci, tana zaune ƙyam. Can ta ce, "Haka babanku ya yi."

Na ce, "Inna, wane Baban?"

"Kana da wani ne? Wata biyu cur yana fita da keke zuwa Bukuru, alhali babu aikin. Ni kuma ina dafa masa dankali ina ƙunshe masa."

Shekarata arba'in da 'yan kai, ban taɓa jin wannan zancen ba sai ranar. Na san dai mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a wani kamfanin haƙar kuza, kuma ina yaro ya koma faci a bakin titi. Kuza ce ta tara mutane a Jos tun zamanin Turawa, Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauransu suka zo suka tarar da 'yan ƙasa, har aka jawo layin dogo saboda ita. A 1985 farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya, shekara ta zagayo gwamnatin Babangida ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu. Abin da ya rage mana shi ne kududdufan nan na Rayfield da Bukuru da yara ke zuwa ɗaukar hoto. Inna ta ce kwanukan jerenta ta riƙa fitarwa ɗaya-ɗaya da daddare, tana ba dillaliya, don kada maƙwabta su gani.

Nan ne masu shirin suka burge ni. Sun gane cewa ba yunwa ce ke fara kayar da magidanci ba, kunya ce. Sun kuma nuna waɗanda suka riƙe gidajen: mata, da adashinsu, da ƙosai, da kitso. Akwai inda maƙwabciyar matar, Kirista, ta bar mata kwasar adashinta ba tare da dogon surutu ba, ta ce kawai, "Ki biya kuɗin makarantar yaran." Wanda ya tashi a Jos kafin rikicin 2001 ba zai ce wannan ƙirƙira ba ce.

Amma akwai inda suka ba ni haushi. Gidan da aka ce na lebura ne, ga labule mai tsada, ga kujeru 'yan waje. Mace ta tashi daga barci da jan baki da gazal, a gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Kiɗan tausayi kuma yakan danne magana, sai an ƙure murya. Shugaban ƙungiyar ƙwadago sun mai da shi ɓarawo tsantsa, wanda ban ga adalci a ciki ba, don akwai waɗanda suka tsufa suna zirga-zirgar kotu a kan haƙƙin 'yan'uwansu. Talla ma ta yi yawa, shi ya sa idan wuta ta ɗauke na fi son in bi shi a YouTube, ko da yake data na shan kashi.

Babban abin da ban yafe musu ba shi ne kashin ƙarshe, da suka kawo wani Alhaji daga Abuja da jerin motoci, wai yana duba yiwuwar sayen masaƙar. Ina ganinsa gabana ya faɗi. Mu nan mun ga kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, mun kuma ga yawan masu manyan riguna da suka zo suka zagaya ta suka tafi.

Duk da haka zan ce a kalla, musamman tare da manya, kuma a bar waya a aljihu. Jiya Inna ta aiko jikanta shago ya tambaye ni yaushe za a fara zango na biyu. Ta ce a gaya mini, in dai Alhajin nan ya buɗe masaƙar kowa ya koma aiki, to ita ta daina kallo.