Giyar Goose Island bayan Anheuser-Busch InBev ya saye ta: me ke cikin gwangwanin yanzu?

Goose Island ita ce ma'aunin da ake komawa gare shi duk lokacin da aka tayar da maganar manyan kamfanonin giya masu saye ƙananan masana'antu a Amurka. John Hall ne ya buɗe ta a Chicago a 1988, a matsayin mashaya mai dafa giyarta da kanta a titin Clybourn, sannan a 1995 aka gina masana'antar titin Fulton. A watan Maris na 2011 Anheuser-Busch InBev (AB InBev), mai giyar Budweiser, ya saye ta a kan dala miliyan 38.8. Shekaru sun isa a yanke hukunci a kan abin da ke cikin kofi, kuma hukuncin ya rabu biyu, domin kayan kamfanin iri biyu ne da ba a yi musu riƙo ɗaya ba: giyar yau da kullum irin su Goose IPA da 312 Urban Wheat, da kuma Bourbon County Brand Stout da ake fitarwa sau ɗaya a shekara.

Goose IPA tana da barasa kashi 5.9 cikin ɗari, ɗacinta kuma maki 55 a IBU, ma'aunin ɗacin giya. Asalinta IPA ce (India Pale Ale, nau'in giya mai ɗaci da ƙamshi) mai salon Ingila, wato tsiron sha'ir yana da murya a cikinta, ba furen hofs, mai ba giya ɗaci da ƙamshi, kaɗai ke magana ba. Idan sabuwa ce, launinta ruwan zuma ne garau, kumfarta fara mai jimawa, ƙamshinta na ɓawon lemo da ɗan ciyawa, ɗacin kuma yana zuwa a ƙarshe ya tafi ba tare da ya maƙale a maƙogwaro ba. Giya ce da aka dafa da ƙwarewa, kuma ta ci lambobin yabo a gasar Great American Beer Festival. Wanda ya ce kamfanin ya mayar da ita ruwa bai yi mata adalci ba.

Abin da ya canza shi ne wurin dafa ta. Bayan cinikin, an kai dafa 312 da sauran giyar da ake sayarwa da yawa zuwa manyan masana'antun Anheuser-Busch, irin na Baldwinsville a jihar New York da Fort Collins a Colorado. Sunan 312 daga lambar wayar tsakiyar Chicago aka ɗauko shi, don haka mutanen garin suka ji zafin lamarin. Amma matsalar ta wuce suna. Ƙaura da giya daga ƙaramin tanki zuwa babba aiki ne mai wahala, ko da ba a taɓa komai a cikin haɗin ba. A dogon tanki, nauyin ruwan da ke sama yana danne yis (ƙwayoyin da ke mayar da sukari barasa) da ke ƙasa, iskar kabon ta taru, sai yis ya rage fitar da sinadaran da ke ba giya ƙamshin 'ya'yan itace. Sakamakon shi ne giya mai tsabta amma mai ƙarancin hali. Ruwa ma yana da tasa rawar. Inda salfet ya yi yawa ɗaci yana fitowa a bushe da kaifi, inda kuloraid ya rinjaya sai giyar ta yi laushi da cika baki, saboda haka dole a gyara gishirin ruwan sabon wuri ya dace da na tsohon. Babbar tukunya kuma tana tatsar ɗaci daga hofs fiye da ƙarama, kuma ruwan yana daɗewa da zafi kafin a sanyaya shi, wanda hakan ke kore ƙamshin furen da aka zuba a ƙarshen tafasa. Masu dafawa suna gyara wannan ta hanyar rage hofs na farko da ƙara wanda ake zubawa a tanki bayan yis ya gama aikinsa, su yi ta gwaji ana ɗanɗanawa har a kusanci asalin.

A nan babban kamfani yana da fifikon da ba a musu. Babban abokin gabar IPA shi ne iskar oksijin da ke shiga yayin zubawa a gwangwani. Masana'anta mai kyau tana neman ta tsaya ƙasa da kashi 50 cikin biliyan, kuma injinan manyan kamfanoni sun fi iya kaiwa ga haka fiye da ƙaramin injin da ake haya a kawo a mota. Suna da ɗakin gwaji, suna da masu ɗanɗano da aka horar, Anheuser-Busch ma yana da gonar hofs tasa ta Elk Mountain a jihar Idaho. Shi ya sa da wuya a ji warin man shanu na sinadarin dayasetil a Goose IPA, ko a tarar gwangwanin wannan wata ya bambanta da na wancan.

Inda abin yake lalacewa shi ne a kan kantar shago. Giyar da a da ake shanyewa a kusa da inda aka dafa ta, yanzu tana yawo a duk faɗin Amurka da ƙasashen waje, tana kwana a rumbun dillali, tana zama a shago babu firji. Ƙamshin hofs ba ya jure wannan. Masu sana'ar suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: kwana 3 a zafin digiri 32 na ma'aunin Celsius yana tsufar da giya kamar kwana 30 a digiri 22, ko kwana 300 a digiri 3. IPA da ta tsufa tana fara rasa ƙamshin lemo, launinta ya yi duhu, zaƙi irin na alewa ya fito, daga baya kuma a ji ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Mafi yawan ƙorafin da ake yi cewa giyar ta canza bayan an sayar da kamfani, a ganina, daga nan yake fitowa. Don haka mai saye ya juya gwangwanin ya duba kwanan watan da aka buga, ya gane ko ranar zubawa ce ko ranar ƙarewa, ya ɗauki wadda ba ta wuce kwana 90 da zubawa ba, kuma daga firji. A sha ta a digiri 7 zuwa 10, a kofi, domin sanyi mai tsanani yana rufe ƙamshin.

Bourbon County wani labari ne dabam, kuma ita ce hujjar da kamfanin ya fi ƙarfi da ita. Greg Hall, ɗan John Hall, shi ya fara zuba baƙar giya mai nauyi a gangunan da aka tsumar da wuskin bourbon tun shekarun 1990, lokacin da kusan babu mai yin haka. Har yanzu a Chicago ake yin ta. Kowace ganga tana ɗaukar kusan lita 200, giyar tana zama a ciki watanni da dama, sau da yawa kusan shekara, a rumbun da ake bari zafin bazara da sanyin hunturu su shiga. Katako yana buɗewa ya sha giyar, ya tsuke ya mayar da ita, daga nan take samo ɗanɗanon banila da kwakwa da gawayi a kan cakulan da gasasshen sha'ir. Barasarta tana kaiwa wajen kashi 14 cikin ɗari, ya danganta da shekarar. Kwalbar mililita 500 ta ishi mutum biyu ko uku, kuma a bar ta ta ɗan huce zuwa digiri 12 ko 13 kafin a zuba. Kuɗin sabon mai shi ne ya faɗaɗa rumbun gangunan, har giyar da a da sai mai rabo take samu ta zama ana fitar da ita a faɗin ƙasar ranar Juma'ar da ke bin bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba.

Faɗaɗawar ta zo da tsadarta. Fitowar 2015 ta kamu da bakteriyar Lactobacillus acetotolerans, wadda ba ta damu da yawan barasa ko ɗacin hofs ba, tana cin ragowar sukari ta mayar da giyar mai tsami. A 2016 kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu a kan nau'o'in Bourbon County da dama, na kofi da Barleywine da farko, sannan wasu kwalaben asalin da na Proprietor's. Dalilin haɗarin a bayyane yake ga duk mai aikin ganga: katako ba ya wankuwa kamar ƙarfe, kuma idan ana haɗa dubban ganguna wuri guda, ɗaya mai cuta ta isa ta ɓata tanki. Tun daga 2016 ake dumama giyar na ɗan lokaci kafin a zuba ta a kwalba, irin dumamar da ake yi a wajen digiri 72 na daƙiƙu kaɗan. Masu tsattsauran ra'ayi sun yi gunaguni, amma matakin daidai ne. Wannan giya ba ta dogara da yis mai rai a cikin kwalba ba, canjin da take yi a ajiye daga oksijin ne a hankali, kuma wanda ya biya kuɗi mai yawa don ya ajiye kwalba har shekara biyar, kamar yadda aka rubuta a jikinta, ya cancanci ya buɗe ta ya same ta lafiya.

Abin da ban yarda da shi ba yana wajen kofi. A Amurka doka ta raba harkar gida uku, mai dafawa da dillali da mai shago, kuma a yawancin garuruwa manyan dillalai biyu ne ke riƙe da hanya. Bayan Goose Island, AB InBev ya sayi ƙananan masana'antu irin su Blue Point da 10 Barrel a 2014, Elysian da Golden Road a 2015, Wicked Weed a 2017, da wasu. Mashaya mai famfo goma tana iya nuna sunaye takwas dabam-dabam alhali aljihu ɗaya kuɗin ke shiga, kuma babban kamfani yana iya sauke farashin ganga zuwa inda ƙaramar masana'anta ba za ta iya bi ba. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta ga wannan haɗari, shi ya sa a 2016, da ta amince da haɗewar AB InBev da wani babban kamfanin giya, SABMiller, ta gindaya sharuɗɗan hana kamfanin ba dillalai ladan da zai sa su yi watsi da giyar wasu. A jikin gwangwani kuwa tambarin dinyar Goose Island da sunan Chicago ne ke cika ido. Mai son sanin gaskiya ya nemi hatimin kwalba mai kife da ƙungiyar ƙananan masana'antun giya masu zaman kansu, Brewers Association, ta fitar a 2017. Ba ta ba da shi sai ga masana'antar da ba ta wuce ganga miliyan 6 a shekara ba, kuma wani babban kamfanin barasa bai mallaki kashi 25 cikin ɗari nata ba. Goose Island ba ta da shi.

Kuma kada a ɗauki sa'ar Goose Island a matsayin ƙa'ida. Constellation Brands ya biya dala biliyan 1 a kan Ballast Point a 2015, ya sayar da ita a 2019. Sapporo ya sayi Anchor ta San Francisco a 2017, ya rufe ta a 2023. AB InBev da kansa ya sayar da Blue Point da 10 Barrel da Breckenridge ga kamfanin Tilray a 2023. Goose Island ta tsira ne saboda tana da giyar da ke sayuwa da yawa da kuma wadda ke jawo suna.

Ga mai neman shawara, Bourbon County ta cancanci kuɗinta, musamman asalin wadda ba a ƙara mata komai ba, kuma ta fi daɗi tsakanin fitowarta da shekara biyu. Nau'in da aka sa wa kofi kada a ajiye shi, domin ƙamshin kofi yana gushewa cikin watanni. Goose IPA kuwa a saye ta idan sabuwa ce kuma a firji take. Idan akwai IPA ta ƙaramar masana'antar kusa da aka zuba makonni biyu da suka wuce a gefenta, ita zan ɗauka, ko da ta fi tsada.