Hattara da masu "gyaran baya" na cikin waya: abin da ya sami Kawuna

Jama'a, assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, amma jiya na sake cin karo da bidiyon mai "gyaran bayan" da ya cuci Kawuna a TikTok, ya canza suna, yana murɗe wuyan wata baiwar Allah, sai na ga shiru ba zai yi ba.

Kawuna direban tirela ne, ya fi shekara 20 yana hanyar Kano zuwa Legas. Ciwon baya a wurin direba ba labari ba ne, shi ya sa da ya fara kuka da ƙugu babu wanda ya ɗauki abin da zafi. Ƙanena ne ya nuna masa bidiyon: wani cikin farar riga ya kwantar da mutum rub da ciki, ya danna, ka ji ƙas! ƙas!, mutumin ya miƙe yana kabbara wai ya warke. A ƙasa an rubuta Dokta wane, kairofrakta (wato mai gyaran baya ta hanyar danna ƙashi da hannu), wai a ƙasar waje ya yi karatu. Ni na kai Kawu da kaina, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ɗaki biyu ne a saman wata filaza. Kafin mu zauna an karɓi dubu 10 kuɗin kati. Sai yaronsa ya ba Kawu wani ƙarfe ya riƙe, an jona shi da kwamfuta, cikin minti ɗaya takarda ta fito wai ƙoda da hanta da jijiyoyi duk sun taɓu. Daga baya wani ɗan uwanmu ma'aikacin jinya ya ce ko jiƙaƙƙen tsumma aka naɗa wa ƙarfen nan sai ya samo masa cuta.

Kawu ya ce, "Likita, ramewa nake yi, da dare kuma gumi har sai na canza riga." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, duk gocewar ƙashi ce ta danne jijiya. Zama goma za mu yi, dubu 150, a biya gaba ɗaya. Yau kaɗai ake ragi." Bai nemi hoton baya ba, bai auna ko zafin jiki ba. Ya haɗa mu da wasu kafso a farar leda, babu suna, babu lambar NAFDAC.

Kwanakin farko Kawu ya ji sauƙi, har yana sa wa mutumin albarka. A zama na huɗu ƙafafunsa suka fara nauyi. Na kira, ya ce, "Alamar aiki ce, jijiya ce ke buɗewa." Da aka yi na biyar, sai da muka tallafo shi wajen saukowa daga benen. Washegari muka wuce asibiti, aka yi hoto da gwaje-gwaje, aka ce tarin fuka ne ya kama ƙashin bayansa, ya fara cin ƙashin yana matse laka. Wato ƙashin da cuta ta riga ta rarake shi ake ta dannawa da ƙarfin ƙato. Likitan ya kalli kumburin fuskar Kawu, ya ce yana zargin akwai sitiroyid a kafson nan, irin maganin da ke ɓoye ciwo yana raunana garkuwar jiki. Abin takaici, maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati.

Kada a ce na yi kuɗin goro. Sana'ar tana da asali: wani mai suna Daniel David Palmer ne ya fara ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, kuma waɗanda suka karance ta da gaske shekaru suke yi a makaranta. Ga ciwon baya na yau da kullum tana iya kawo sauƙi, kamar yadda gashi da motsa jiki suke yi. Amma cewa danna baya yana maganin sukari ko hawan jini ko rashin haihuwa, wannan zance ne kawai. Ƙarar nan ma da ake burge mutane da ita, iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kake ji in ka lanƙwasa yatsa. Ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Murɗe wuya da ƙarfi kuwa yakan iya yaga jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa.

A Najeriya hukumar gwamnati mai suna MRTB ce ke yi wa masu gashin ƙashi da irin waɗannan rajista. Ku nemi ganin lasisi, ba satifiket mai ruwan gwal da aka rataye a bango ba. Ni ban nema ba, farar riga ta rufe mini ido. Duk mai ciwon baya da ke tare da zazzaɓi ko rama ko mutuwar ƙafa, ko fitsari yana kufce masa, ko ya faɗi, ko mai sikila ne, ko tsohuwa mai raunin ƙashi, to asibiti zai fara zuwa kafin kowa ya ɗora masa hannu. Na kusa da Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala, manyan asibitoci kuma suna da sashen gashi.

Kawu yanzu yana kan magani na kusan shekara, yana takawa da sanda, mota kuwa an ba wani. Na koma filazar neman kuɗin zama biyar da ba a yi ba, na tarar ana sayar da cajar waya a ɗakin. Mai gadi ya ce da dare suka kwashe kaya, kuma ni ne na bakwai da ya zo nemansu a satin. Lambarsa a kashe take. A sabon bidiyon, gadon nan baƙi mai yagaggen gefe shi ne dai wanda aka kwantar da Kawu a kai.