Tsofaffin motocin ɗaukar gawa a Ingila

A gida idan mutum ya rasu da safe, kafin azahar an sallace shi, an ɗauki makara a kafaɗa ko an sa ta a motar masallaci. A nan Ingila jana'izar Turawa takan kai sati biyu ko fiye, kuma dangin mamaci ne ke zaɓar motar da za ta kai shi. Wasu sai sun biya ƙarin kuɗi don a kawo musu tsohuwar mota, irin Rolls-Royce ko Daimler DS420 da aka ƙera daga 1968 zuwa 1992. Ko Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, a 2021, Land Rover da aka gyara bisa tsarinsa ce ta ɗauke shi.

Kamfanoni irin su Wilcox da Coleman Milne ne ke aikin mayar da mota ta ɗaukar gawa. Idan ƙarama ce, sai a yanka ta bayan kujerar direba, a ƙara wa shasi tsawo da walda, a ƙara tsawon farfela (sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya) da bututun birki da wayoyi, sannan a ɗaga rufin a sa dogayen gilasai. A ciki akwai dandamali mai ƙananan tayoyi da akwatin gawa ke gangarawa a kai, da ƙusoshin da ke tare shi gaba da baya.

Abin da ke kashe waɗannan motoci tafiyar hawainiya ce. Mai kula da jana'iza yakan taka a ƙasa a gaban motar, ita kuma tana binsa. Iska ba ta shiga lagireto, injin DS420 mai silinda 6 da lita 4.2 sai ya ɗau zafi, shi ya sa kanikawa ke ƙara fankar lantarki. Gajeriyar tafiya kuma tana tara ruwa a salansa, batir ba ya cika. Tsatsa daga wurin waldar take farawa, saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi. Fetur ɗin E10, mai gaurayen sinadarin ethanol har kashi 10 cikin 100, da aka shigo da shi a 2021 yana cinye tiyon roba da kayan kafireto, sai dai a sha E5 mai ƙarancin ethanol, wanda ya fi tsada.

Masallatan nan ba ruwansu da wannan ƙawa, galibi bas ce kawai mara kujerun baya. Duk mai tunanin turo tsohuwar Daimler gida ya haƙura: sitiyarinta a dama yake, cikinta kuma ya yi ƙasa da yawa ga hanyar maƙabarta da damina.