Kejin iCrate na inci 24: yana koya wa ɗan kwikwiyo tsafta, amma sai an haɗa masa da agogo da sikeli

Kejin iCrate na kamfanin MidWest keji ne na wayar ƙarfe da ake naɗewa a ajiye. Na inci 24 yana da tsawon kusan santimita 61, faɗi 46, tsayi 48, kuma ya dace da ƙananan karnuka irin su Shih Tzu, Maltese da Pomeranian, waɗanda ko sun gama girma ba sa wuce kilo 10. A cikin kwalin akwai kejin kansa, da tiren roba da ake zarowa ta ƙasa, da mariƙin ɗauka, da wani shingen waya da ake saƙalawa a ciki don a rage faɗin wurin. Akwai mai ƙofa ɗaya, akwai mai biyu. Ba ya buƙatar sukundireba ko sifana, ɗaga shi ake yi a maƙale ƙugiyoyin gefe, shi ke nan.

Hukunci a taƙaice: ya cancanci saye, kuma shingen nan na ciki shi ne dalili. Amma wanda ya saye shi da tunanin cewa keji kaɗai zai hana kwikwiyo fitsari a kan kafet, zai sha mamaki. Keji yana taimaka wa kwikwiyo ya riƙe na ɗan lokaci ne kawai. Abin da ke sa a san lokacin da zai buƙaci fita shi ne tsarin ciyarwa.

A fara da shingen. Kare ba ya son ɓata wurin da yake kwanciya, kuma a kan wannan ɗabi'a aka gina horon keji gaba ɗaya. Matsalar ita ce kwikwiyo ɗan mako takwas mai nauyin kilo ɗaya, idan aka saka shi a fili mai tsawon santimita 61, wurin ya yi masa yawa. Zai kwanta a gaba, ya koma can ƙarshe ya tsuguna, ya dawo ya ci gaba da barcinsa hankali kwance. Da shingen sai a bar masa iya inda zai miƙe tsaye kansa bai taɓa sama ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Ga kwikwiyo mai wannan girma, kusan rabin kejin ke nan. Yana girma ana matsar da shingen baya da layi ɗaya ko biyu na waya. Idan ya yi kwanaki a bushe, aka ƙara masa wuri sai ya fara ɓatawa, an yi gaggawa ne, a mayar da shingen inda yake. Saƙala ƙugiyoyin shingen yana ɗan cin rai a karon farko, kuma dole a tabbata na ƙasa sun kama sosai, don kwikwiyo mai naci yana iya tura gindin shingen ya cusa kai ta ƙarƙashi.

Sai maganar ciki, wadda ta fi ta kejin muhimmanci. Ƙananan nau'o'in karnuka suna ƙone abinci da sauri, tumbinsu kuma ɗan mitsitsi ne, don haka kaɗan-kaɗan ake ba su sau da yawa. Daga mako takwas zuwa wata uku ko huɗu, sau huɗu a rana. Daga nan zuwa wata shida, sau uku. Bayan haka sau biyu. Waɗanda suka fi ƙanƙanta, irin su Chihuahua da Yorkshire terrier da ba su kai kilo ɗaya ba, wani lokaci sai an kai sau biyar, saboda sukarin jininsu yana faɗuwa idan suka daɗe ba su ci ba. Alamunsa su ne kasala, rawar jiki, tangaɗi, dasashi ya yi fari, in abin ya yi tsanani har da suma ko jijjiga. Idan aka ga haka, a lakato zuma ko ruwan sukari mai kauri a goga masa a dasashi, kada a ɗura masa ruwa a baki don zai iya shaƙewa, sannan a garzaya wurin likitan dabbobi ko da ya farfaɗo. Saboda wannan haɗarin, ba a kulle irin wannan kwikwiyo tun safe har yamma da sunan horo.

Nawa za a zuba? Jadawalin da ke bayan buhun abinci shi ne mafari, kuma yawancinsu suna aiki ne da nauyin da ake sa ran karen zai kai idan ya girma, ba nauyinsa na yau ba. Nan mutane da yawa suke kuskuren karatu. Ga ƙiyasin da za a gwada da shi: kwikwiyo mai kilo ɗaya da bai kai wata huɗu ba yana buƙatar kalori kusan 210 a rana, mai kilo ɗaya da rabi kuma kusan 285. Busasshen abincin 'yan kwikwiyo na ƙananan nau'o'i yakan ƙunshi kalori 400 ko kusa da haka a kowane giram 100. Ke nan mai kilo ɗaya zai ci giram 50 zuwa 55 a rana, wato giram 13 ko 14 a kowane zama. Duk wanda ya zuba giram 13 a kwano zai ga kamar rowa ake yi wa dabba, sai hannu ya ƙara. Ƙarin giram biyar a kan goma sha uku ya haura kashi ɗaya bisa uku, kuma sakamakonsa kashi mai laushi da yawan tsuguno a lokutan da ba a zata ba. Kofin awo ba ya iya bambance irin wannan. A sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, a auna na yini guda da safe a zuba a gwangwani mai murfi, daga ciki ake ɗibar na kowane zama, daga ciki kuma ake ɗibar na tukwici. In za a ba shi wani abin lasa na daban, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin ranar.

A duba buhun a tabbata an rubuta cewa cikakken abinci ne na 'yan kwikwiyo masu tasowa, bisa ma'aunin AAFCO ko FEDIAF, wato ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka da Turai, kuma ƙwayoyinsa ƙanana ne da bakinsa zai iya. Idan haƙoransa ba su yi ƙwari ba, a jiƙa da ruwan ɗumi na minti goma zuwa sha biyar. A ajiye kwano na minti goma sha biyar, abin da ya rage a ɗauke, jiƙaƙƙe kuma a zubar don yana saurin lalacewa. Barin abinci a kwano yini guda shi ne babban abin da ke rusa horo: wanda ke tsakura duk lokacin da ya ga dama, duk lokacin da ya ga dama zai yi kashi. Sai dai ga ɗan ƙaramin da ya ƙi cin zama biyu a jere, wannan ba taurin kai ba ne da za a jira ya huce, a kira likita. Canjin abinci kuma a yi shi cikin kwana bakwai zuwa goma, a fara da kwata na sabo, sai rabi, sai kashi uku bisa huɗu. Madarar shanu tana sa da yawansu zawo, kuma kwikwiyo mai zawo babu kejin da zai sa ya riƙe. Cakulan, inabi da busasshensa, albasa, tafarnuwa, dafaffen ƙashi da duk abin da aka zaƙaƙa da sinadarin xylitol, kada su kusanci bakinsa.

Kwanon abincin yana da kyau a ajiye shi a cikin kejin, ƙofa a buɗe a kwanakin farko. Da haka yake ɗaukar wurin a matsayin nasa, kuma ba a tura shi ciki da faɗa.

Idan ciyarwa ta tsaya a kan lokaci, fita ma sai ta tsaya. Kwikwiyo yakan buƙaci tsuguno cikin minti biyar zuwa talatin bayan cin abinci, da zarar ya farka daga barci, da kuma bayan wasa. Tsakanin waɗannan, a fitar da ɗan wata biyu kowace awa ɗaya zuwa biyu idan yana farke. Akwai ƙiyasin da ake yawan faɗa, cewa adadin watanninsa a ƙara ɗaya shi ne awannin da zai iya riƙewa. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, kuma ƙananan nau'o'i sau da yawa ba sa kai ta. Yadda ake yi: a buɗe keji, a ɗauke shi a hannu, kada a bari ya taka da ƙafarsa don zai tsuguna a hanya. A sauke shi a wuri guda kullum, da igiya a wuya, a tsaya shiru na minti biyar. Yana fara shinshina ƙasa yana zagaye, ya kusa. Yana gamawa a ba shi ƙwayar abinci nan take a wurin, cikin daƙiƙa biyu. Wanda ya jira sai an koma ciki sannan ya ba da tukwici, ya saka masa ne a kan shiga ɗaki. Idan minti biyar suka wuce bai yi komai ba, a mayar da shi keji na minti goma zuwa sha biyar a sake gwadawa. Wanda aka sake shi a falo a wannan gaɓar, a ƙarƙashin kujera zai yi.

Da dare a ajiye kejin kusa da gado don a ji motsinsa. Ɗan mako takwas zuwa goma zai buƙaci fita sau ɗaya ko biyu. Ba wasa, ba hira, ba kunna babbar fitila: ya yi, ya koma. Abincin ƙarshe ya kasance awa biyu zuwa uku kafin barci, amma ga 'yan mitsitsin nan kada tazarar dare ta yi tsawo, a ba su na safe da wuri. Kafin ya kammala rigakafi, wanda allurarsa ta ƙarshe takan zo a mako 16 ko bayansa, wurin tsugunonsa ya zama inda baƙin karnuka ba sa shiga, saboda ƙwayar cutar parvo, mai sa karnuka amai da zawo mai tsanani, tana daɗewa a ƙasa.

Mutane da yawa suna sayen shimfiɗar tsotse fitsari tare da kejin, su shimfiɗa ta a ciki. Kuskure ne, domin saƙo biyu masu karo da juna ake ba shi: ka riƙe, kuma ga wurin yi. Ban da haka, 'yan kwikwiyo suna yayyaga ta, kuma ledar ƙasanta da sinadarin da ke kumbura ya tsotse ruwa suna iya toshe hanji in an haɗiye. Tana da amfani ga wanda ke zaune a bene mai tsawo ko wanda dole ya bar gida fiye da awa uku. A nan sai a kewaye ɗan fili da shingen wasa, keji a buɗe a gefe ɗaya, shimfiɗar a can nesa a cikin firam mai riƙe gefunanta. A sani dai cewa wanda ya saba da taushi a ƙarƙashin ƙafa yakan ɗauki kafet da tabarmar bakin ƙofa duk abu ɗaya, kuma raba shi da wannan yana ɗaukar makonni.

Tiren roban yana daga cikin abubuwan da aka yi da kyau. Yana da ɗan baki a gefe da ke tare ruwa, ana zaro shi ba tare da an kwance komai ba. Amma wanke shi da sabulu kaɗai ba ya isa. Hancin kare yana jin ragowar fitsarin da namu ba ya ji, kuma inda ya ji warin nan zai koma. A nemi ruwan wanki mai sinadarin enzayim, wanda ke narkar da ragowar fitsari, da aka yi don fitsarin dabbobi, a tsane wurin da tsumma tukuna, a jiƙa shi sosai, a bar shi minti goma zuwa sha biyar ko yadda aka rubuta a kwalbar. A guji duk abin wanki mai amoniya, warinsa na kama da na fitsari. Wayoyin ƙasa da ke ƙarƙashin tiren ma a goge su, don fitsari yakan gangara can ya bushe ba a gani ba. Dangwara masa hanci a cikin ɓarnar ko duka ba sa koya masa komai sai ɓuya, daga nan zai riƙa yi a bayan labule.

Inda kejin ya gaza: ƙarfe ne, yana ƙara idan kwikwiyo ya yi tsalle, tiren kuma yana da santsi, sai an shimfiɗa tawul ko bargo marar zare da zai iya tsinkewa. Tazarar wayoyin tana iya kama muƙamuƙi ko ƙafar kwikwiyo ɗan ƙarami sosai idan yana cizon ƙarfen, don haka a sa ido a kwanakin farko, kuma ga Chihuahua ko makamancinsa a duba kejin da wayoyinsa suka fi matsewa. A cire masa abin wuya kafin ya shiga, don yana iya sarƙewa a waya ya shaƙe shi. Sakatar ƙofa sai an tura ta har ƙarshe. Buɗaɗɗe ne ta ko'ina, ba ya tare iska mai sanyi, ba ya kuma kare rana, saboda haka a nisanta shi da taga da saitin fanka, a lulluɓe gefe biyu ko uku da zane mai shan iska. Kuma ba a yi shi don kare dabba a haɗarin mota ba.

Akwai kwikwiyon da kejin ba zai yi wa aiki da wuri ba: wanda aka raina a ƙuntataccen wuri har ya saba kwana cikin ƙazantarsa. Shi da shingen wasa ake farawa, da yawan fita. Akwai kuma wanda matsalarsa ba ta horo ba ce. Idan yana ɗiga fitsari kaɗan-kaɗan sau da yawa a awa guda, yana yunƙuri, ko an ga jini, ana zargin ciwon mafitsara. Kashi mai ruwa da kumburin ciki kan nuna tsutsa, wadda ake ba da maganinta kowane mako biyu har zuwa mako 12, sannan wata-wata har wata shida. Wanda kuma yake sakin fitsari idan an sunkuya a kansa ko baƙo ya shigo, tsoro ne ko zumuɗi, yawanci yana bari da girma in an daina yi masa tsawa. Ga lafiyayyen kwikwiyo da ake bi da wannan tsari, ɓarna takan ragu sosai cikin 'yan makonni, amma ƙananan nau'o'i da dama sai sun haura wata shida kafin a sake musu gida gaba ɗaya, kuma ɗaki ɗaya-ɗaya ake ƙara musu.